Gonar Ci da Gonar Kasuwa a Gefen Wasai

Mai son zuwa Wasai daga birnin Kano hanyar Haɗeja zai bi, ya wuce kasuwar 'Yankaba inda ake sauke kayan gwari, ya miƙe har Gezawa, daga nan ya karkata zuwa ƙasar Minjibir. In babu cunkoso a bakin gari, tafiyar ba ta wuce awa guda da 'yan mintuna ba. Na je ne a ƙarshen bazara, rana na dukan ƙasa, kowa na duban gabas. Abin da baƙo zai fara lura da shi tun daga cikin mota shi ne babu daji. Gona ce ke bin gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma a kowace gona akwai tsibi-tsibin baƙin abu an jera su layi-layi, suna jiran a baza. Taki ne. Saboda shi na zo.

Ƙasar da ke kewaye da Kano ta daɗe da cika da mutane, har ta kai ba a barin gona ta huta. Wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, tun shekarun 1960 ya yi ta rubutu kan yadda manoman wannan yanki ke noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da ƙasar ta mutu ba. Amsar da ya samu ita ce wadda ake gani a bakin hanya har yau: dabba, taki, da haɗa shuka iri-iri a kunya ɗaya.

Ƙauyen da na sauka ba babba ba ne. Gidajen ƙasa ne galibi, wasu an yi musu rufin kwano, da masallacin Juma'a, da makarantar firamare, da mai shayi ɗaya a gindin darbejiya. Da hantsi maza ba su da yawa a gari. Wasu sun tafi lambu, wasu suna birni cin rani sai ruwa ya sauka su dawo. Tsofaffi ne a dakali, sai yara da ke kora jakuna ɗauke da mangala. Wani dattijo da aka haɗa ni da shi, bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida, bai kai ni gona ba tukuna. Bayan gidansa ya zaga da ni, wurin turke.

Awaki ne da tumaki, da shanun huɗa guda biyu. Da damina, in ji shi, ba a sakin ko ɗaya, a ɗaure suke wuni ana yanko musu ciyawa, domin ko taku ɗaya dabba ta yi a waje gonar wani ta shiga. Wannan ɗaurin shi ne ke tara takin. Kashinsu da fitsarinsu da ragowar harawa da tokar murhu da sharar tsakar gida duk wuri ɗaya ake zubawa, su yi watanni suna ruɓewa. Ya sa hannu ya ɗebo daga ƙasan tsibin ya miƙo mini. Baƙi ne, da ɗan ɗumi, ba ya wari.

"Malam, wannan shi ne ya nuna," in ji shi. "Ɗanye in ka zuba ƙona shuka yake yi, ya kuma kawo maka ciyawa."

A saman bishiya da kan rumfa an jibge harawar wake da ta gyaɗa, nesa da bakin dabba. A nan harawa ba shara ba ce, kuɗi ce, kuma a bazara tsadarta kan sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya ƙara tunkiya. Gona ta ciyar da dabba, dabba ta ciyar da gona, haka abin ke zagayawa. Sai dai takin gida ba ya isa. Mai dabba biyar ba zai rufe gona uku ba, don haka ake sayen na birni. A da jakuna ke kai itace da kara Kano su dawo da takin juji. Yanzu kurkura da tifa ke kawowa, kuma abin da suke kawowa ya canja. Na tsaya kan wani tsibi da aka sauke a gonar maƙwabcinsa: leda ce fal a ciki, da fasassun kwalabe, da murafan roba, har da tsohon batirin tocila. Yara biyu na tsince su da hannu suna tarawa gefe don a ƙona. Jujin Kano na zamanin kakanninsu toka ce da kashin dabbobi da ɓawon abinci. Na yau sai an tace.

Na tambaye shi takin zamani fa. Ya yi dariya, ya ce ba gaba yake da shi ba, aljihunsa ne ke gaba da shi. A lokacin da na je buhu ɗaya ya haura naira 30,000, don haka mafi yawansu a kwano suke saye, su riƙa ɗan tsunkulawa a gindin masara ko dawa. Gero da wake kuwa, waɗanda su ne abincin gidan, da takin turke kaɗai suke tashi. Ya ce na zamani shekara ɗaya yake yi ya tafi, na gargajiya kuwa gona kan ci moriyarsa shekara biyu zuwa uku, ga riƙe laima, ga rage ƙuduji.

Gonar tasa tana bayan gari, tafiyar 'yan mintuna. Babu komai a cikinta a wannan lokaci sai kututturen karan bara da bishiyoyi: kuka, ɗorawa, tsamiya, da gawo guda biyu da ya ce ko da wasa ba a sara. Gawo da rani yake ganye, da damina ya kakkaɓe, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ga dabbobi na kwana a gindinsa suna cin 'ya'yansa. Geron da ke ƙarƙashin gawo, in ji shi, daga nesa ake gane shi. Ya nuna mini da sanda yadda zai jera shukar: gero da fari, dawa a tsakani, wake daga baya in gero ya tasa, gyaɗa a gefen da ƙasar ta fi yashi, yakuwa da kuɓewa a kan iyaka. In ruwa ya yi gardama wani ya faɗi, wani zai tsaya.

Da muka dawo gari aka fito mana da fura. Ban shiga cikin gida ba, amma ta saman danga ana hango zogale ya yi tsayi, da kabewa ta hau rumfa ta bushe. Wata tsohuwa da ke sayar da kuka da daddawa a ƙofar zaure ta ce mini kusan kowace mace a garin tana da ɗan wurin da take shuka rama ko lalo ko barkono a bayan ɗaki, da ruwan wanke-wanke take ba su. "Ɗan nan, mu miya ba ma saya," in ji ta, "sai dai gishiri da magi da manja." Wakenta na iri a cikin toka take ajiye shi a tulu. Waken ci kuwa, ɗanta ya kawo mata buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa tam, ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba a sa masa magani ko kaɗan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin maganin da ake kira fiya-fiya.

Bayan azahar muka gangara bakin dam ɗin da ke kusa da garin, sai na ga kamar wata ƙasa na shiga. Kore shar ko'ina, ƙarar injin ban ruwa ta kowane ɓangare, da mutane fiye da duk waɗanda na gani a gari. Samari ne mafi yawa, wasu na jan tiyo, wasu na buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga fangali zuwa fangali. Akwai latas, alayyafo, kabeji, karas, albasa, tumatir da attaruhu. Masu babura na jira a kan gaɓa, ana ɗaura musu buhuna da kwanduna zuwa 'Yankaba. Ƙullin alayyafon da aka sayar mini naira 100 a bakin fangali, a unguwarmu ba zan same shi ƙasa da ninki biyu ba.

An kammala wannan dam a 1976, cikin jerin madatsun ruwan da Jihar Kano ta fara ginawa tun zamanin Audu Baƙo. Ruwan da yake tarewa na kogin Jakara ne, wanda ke tasowa daga tsakiyar tsohon birni, ya kwaso ruwan kwatocin unguwanni, sannan rafin Getsi ya haɗe da shi ɗauke da abin da masana'antun Bompai suka zubar. Masu bincike a jami'o'i sun sha auna wannan ruwa da ganyen da ake nomawa da shi, sun kuma sha samun ƙarafa masu cutarwa a ciki. Masu lambun sun san da maganar. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini ruwan yana da "ƙarfi", ganye na saurin tashi da shi ko ba taki, kuma wanda ya samu hali yakan haƙa 'yar rijiya a gefen lambunsa ya huta da shi. Amma rijiya kuɗi ce, fetur ma kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan makonni, ba ta kuma tsaya nan ba.

Ga kuma feshi. A gindin wani mangwaro na ƙirga robobin magani da aka yar, kala-kala, wasu rubutun jikinsu ya goge. Wani saurayi na feshin tumatir, ba takalmi, ba abin rufe hanci, iska na maido masa da shi a fuska. Na ce, "Ɗan'uwa, ba ya damunka?" Ya ce ya saba. Tun shekarar 2016 da tsutsar nan da suke kira sharon ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina, in ji shi, ba wanda ke yarda ya jira sai ya ga ɓarna. A jikin kowace roba an rubuta kwanakin da ya kamata a bari tsakanin feshi da tsinka. Da na tambaya ko ana bi, sai ya ce in dillali ya zo da mota, ba a ce masa ya dawo mako mai zuwa.

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Mai saye a birni kabeji mai sheƙi yake ɗauka, ya ture wanda tsutsa ta ɗan huda, ko da kuwa hudar ita ce shaidar ba a yi masa wanka da magani ba. Ba wanda ke ƙara wa manomi ko kwabo don ya yi haƙuri da feshi, kuma a kasuwa babu alamar da ke raba wannan kwando da wancan.

Can ƙarshen lambunan, inda ƙasa ta fara tudu, wani magidanci ya nuna mini fangali huɗu da ya keɓe. Daga rijiya yake ba su ruwa da guga, takin awaki yake zuba musu, in ƙwari sun taso ya jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya ya yayyafa, ko ya barbaɗa toka da sassafe. Ganyen bai kai na sauran girma ba, wasu duk huda. Na ce wa yake sayar wa wannan. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Wannan ai na gida ne, Malam. Shi iyalina ke ci."

Ba shi kaɗai ke yin haka ba, na ga irin wannan keɓewa a lambuna da dama kafin in hau gaɓa. A manyan kantunan Abuja da Legas ana sayar da kayan lambun da ba a yi wa feshi ba da tsada, a cikin leda mai tambari. A nan kuwa ba ya zuwa kasuwa ma sam, domin ba wanda ya taɓa zuwa ya nema. Na tambayi magidancin ko zai ƙara fangali in ya samu mai saye tsayayye. Ya ce in mutum zai zo da kansa, ya biya kuɗin wahalar guga, ya kuma yarda da ganye mai huda, gobe ma zai fara.

Mazauna Kano da ke da mota ko babur, Wasai ba nisa gare ta ba. Wanda ba zai iya zuwa ba, ya tambayi mai kayan miyar unguwarsu daga wane lambu yake sarowa, da wane ruwa ake ba shi, ya wanke ganye sosai kafin ya kai baki, musamman latas da kabeji da ake ci ɗanye. Wanda kuma ke da ko taku biyar na fili a tsakar gida, ko tsohon buhun siminti da zai cika da ƙasa da taki, ya shuka zogale da alayyafo kafin ruwan damina ya sauka.