Ƙaramin Fayil Da Wahalar Tacewa

Akwai gardamar da nakan yi da abokaina masu koyon tace fim, wato a kan kodek ɗin da ya kamata a yi aiki da shi. Shi dai kodek dabara ce ta matse hoton bidiyo don ya rage cin wuri. MP4 da MOV kuwa mazubi ne kurum, abin da aka zuba ciki shi ne magana.

Su sun fi son H.264, wanda ya fito a 2003, wai don fayil ɗinsa ƙarami ne. Ni kuwa ban yarda ba. Dalili, yawancin wayoyi da ƙananan kyamarori masu amfani da shi ba sa adana kowane hoto cikakke. Sai su ajiye guda, sa'an nan su riƙa rubuta bambancinsa da na biye. To, in ka yanka a tsakiya, tilas kwamfuta ta koma baya ta yi lissafi kafin ta nuna maka hoton. Nan za ka ga tana sarƙewa, ga mai fim tsaye a kanka yana jira.

Amma DNxHD na Avid da ProRes, wanda Apple ya fitar a 2007, kowane hoto zaman kansa yake yi. Aibinsu cin wuri: awa guda ta ProRes 422 HQ, mai layi 1080 da hoto 30 a daƙiƙa, takan lashe kusan gigabayit 100. Duk da haka gara in sayi faifan ajiya in juye hotunan kafin in soma. H.264 sai ranar da zan ɗora fim a YouTube.