Zanzibar: Inda Ake Leƙen Lambun Murjani

Daga birnin Darussalam na ƙasar Tanzaniya, jirgin ruwa yakan yi kimanin awa 2 kafin ya isa Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ƙasar da ta yi suna tun kaka da kakanni wajen cinikin kanumfari. A yau kuwa, abin da ke jawo baƙi da dama shi ne leƙen ƙarƙashin teku. Ba nutso ba ne irin na gwanaye. Mutum yakan ɗaura tabarau mai rufe ido da hanci, ya riƙe ɗan bututu a baki domin shaƙar iska, ya kwanta rub da ciki bisa ruwa, yana kallon kifaye masu launi iri-iri suna kai da kawowa cikin murjani.

Murjanin nan dangi ne ga wanda mata ke ratayawa a wuya, amma a cikin teku halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne ke gina shi kamar yadda gara ke gina suri, kuma wani irinsa bai fi ƙaruwar santimita 1 a shekara ba. Inda yake raye, nan kifi ke taruwa. Inda ya mutu, baƙo ya yi asarar kuɗin jirgi.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne zaɓen masauki saboda farin rairayin gaɓa. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan janye sau biyu a yini, ya yi nisa ƙwarai, har mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku da ƙafa. Janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Wanda ya shiga a lokacin ba zai tarar da kome ba sai duwatsu da wata halitta mai ƙaya kamar bushiya. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, ruwa ba ya janyewa haka, sai dai murjani mai kyau yana can nesa da gaɓa, dole a nemi kwale-kwale.

Wurin da ya fi shahara shi ne kewayen ɗan tsibirin Mnemba, daura da ƙauyen Matemwe a arewa maso gabas. Ruwansa garau yake, kuma mai sa'a yakan ga kififiya. Tsibirin kansa yana hannun wani otel, ba a sauka bisa shi sai baƙin otel ɗin. Shahara kuwa tana da nata illa: da hantsi kwale-kwale kan yi cincirindo, saboda haka mai hankali yakan yi sammako.

Wanda ke son ganin murjani cikin ƙoshin lafiya, sai ya nufi tsibirin Chumbe, kimanin kilomita 12 kudu da tsohon birnin Zanzibar. Tun shekarar 1994 aka haramta kamun kifi a gefensa na yamma, aka kuma ƙayyade yawan masu ziyara a kowace rana, don haka sai an kama wuri tun da wuri. Akwai irin murjani wajen 200 a can, cikin ruwa marar zurfi. Zafin teku na shekarun 1998 da 2016 ya ƙone murjani a sassa da yawa na Tekun Indiya, kuma wuraren da ake tsarewa sun fi samun damar farfaɗowa.

Lokaci ma abin lura ne. Damina mai ƙarfi takan sauka daga Maris zuwa Mayu, ta gurɓata ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu, wadda mutanen wurin ke kira kusi, takan tayar da igiyar ruwa. Oktoba da Fabrairu sun fi kwanciyar hankali.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a biya mai kwale-kwale, a tambaye shi lokacin cikar ruwa, da ko kuɗin shiga wurin tsaro na cikin farashi, a kuma ga rigar hana nutsewa da ido, musamman ga wanda bai iya iyo ba. Kada a shiga ruwa shi kaɗai, kada a taka murjani, kada a ɓalle shi don tsaraba. Abin da ƙafa ɗaya ta karya cikin ƙiftawar ido, sai an yi shekaru kafin ya mayar.