Hannun Da Nake Sharhi Da Shi

Masu karatu da dama sun aiko suna tambaya, ina mai sharhin nan ya shige ne, wata huɗu ba a ji ɗuriyarsa ba? Wasu har cewa suka yi wai furodusoshi ne suka toshe mini baki. Wallahi babu wanda ya ba ni ko sisi, hannu ne ya ƙi.

Ran wata Laraba da yamma, ina dawowa daga kallon wani sabon fim, babur ɗina ya zame a kan yashi. Na tokare ƙasa da tafin hannun dama, sai na ji ƙas! Ko da na duba, wuyan hannun ya lanƙwashe kamar cokali mai yatsu.

Hajiyarmu ta ce, "A kai shi wajen mai ɗori, asibiti yanke hannu suke yi." Ni ma ban musa ba, don abin da na saba gani a finafinanmu ke nan. Jarumi zai karye, a ɗaure masa karare da tsumma, a yi waƙa ɗaya, sai ga shi yana tuƙa mota. Na sha caccakar daraktoci kan sauti da hoto, amma ban taɓa ɗaga biro a kan wannan ba.

Bayan sati shida aka kwance ɗorin. Ƙashi ya kama, amma a karkace. Ba na iya juya tafin hannu in karɓi canji, biro sai ya suɓuce, ga babban yatsa da manuni da na tsakiya suna mutuwa cikin dare. Nan fa ido ya raina fata, na nufi asibitin ƙashi.

Likita ya ɗaga hoton ya ce, "Malam, duba nan." Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ƙasusuwa biyu ne, nawa wanda ke ɓangaren babban yatsa ne ya karye a ƙarshensa. Karaya ce sananniya, wani likita ɗan ƙasar Ailan, Abraham Colles, ya bayyana ta tun 1814. Mutuwar yatsun kuwa, wata jijiya ce da ke ratsa wuyan hannu ta matse. Ya ce da ranar na zo, wataƙila gyarawa kawai za a yi a sa siminti. Yanzu kam sai tiyata.

Aka yi mini allurar barci, aka tsaga ta cikin wuyan hannun, aka yanka ƙashin da ya riga ya haɗe, aka miƙe shi, aka ɗora ɗan ƙarfe aka ɗaure da sukurori, aka kuma sassauta wa jijiyar. Babur ɗin ne ya tafi a kuɗin aiki. Sai gashin ƙashi, inda na yi hawaye gaban yara ƙanana saboda matsa ƙwallon roba.

Ban ce masu ɗori ba su da amfani ba, amma ba sa ganin cikin hannu, hoto ke gani. Don haka roƙona ga daraktocinmu, in jarumi ya karye, ku bar mu mu ga an ɗauke shi hoto. Jama'a na koyi da ku fiye da yadda kuke zato, ni kaina shaida ne.

Da hannun na rubuta wannan, a hankali, ina hutawa. Alhamdu lillahi. Furodusoshi kuma ku shirya, wata mai zuwa in Allah ya kai mu akwai magana.