Zuwa ga Ummi, kan hotunan tashen da suka fito dishi-dishi

Ummi,

Mutanen gida duk lafiya, mahaifiyarki tana gaishe ki.

Hotunan tashen da kika turo sun iso, su goma sha huɗu, tare da ƙorafin cewa kyamarar da na ba ki ta tsufa. Na so in amsa miki ta waya, sai na tuna 'ya'yan abokaina biyu sun kawo mini irin wannan kukan, shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani.

Kyamarar nan kada ki ɗora mata laifi. Canon PowerShot S95 ce, fitowar 2010, kuma abin da ya sa na saye ta a lokacin shi ne faɗin idonta, wanda yake buɗewa har f/2.0. Cikin ƙananan kyamarorin aljihu na zamaninta kaɗan ne suka kai ta gani da dare. Kin kuma kyauta da kika kashe filasha. Filashar ƙaramar kyamara tana dab da idonta, ga azumin bana ya faɗo cikin ƙura, da kin kunna ta da duk ƙurar da ke yawo a iska ta fito fararen ɗigo-ɗigo a fuskokin yaran. Haskenta bai wuce 'yan taku ba, sai ta ƙone na gaba ta bar na baya a duhu.

Yanzu buɗe hoto na uku. Bango, ƙofar zaure, yaran, duk sun ja gefe guda kamar an shafa hannu a kan ɗanyar tawada. Wannan hannunki ne ya girgiza. Koma na tara. Ƙofa ta fito tsaf, har ƙusoshinta ana iya ƙirgawa, amma yaron nan mai gemun auduga ya zama aljani. Nan ke kin tsaya, shi ne ya motsa. Cuta biyu ce daban, kowace da maganinta, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta shan magani a banza.

Tushensu dai ɗaya ne. Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara tana daɗewa ido buɗe kafin ta ƙifta. Da rana ƙiftawar takan zama kamar 1/500 na daƙiƙa. Danna DISP a kan hoto na uku, za ki ga 1/8. A wannan ɗan lokacin numfashinki kaɗai ya isa ya ɓata hoto.

Maganin hannu mai sauƙi ne. Ku 'yan zamani kuna miƙa kyamara gaba da hannu ɗaya kamar mai miƙa sadaka. Riƙe ta da hannu biyu, manna gwiwoyin hannunki a haƙarƙari, jingina da bango ko bishiya, saki numfashi, sannan ki matsa a hankali. In da dakali, ko turmi a kife, ko teburin mai shayi, ɗora ta a kai ki sa mata agogon jira na daƙiƙa 2, don ko taɓa maɓallin ma girgiza ce. In kuwa dole a hannu za ki riƙe, sa ta ta ɗauki uku ko huɗu a jere. Sau da yawa na tsakiya ne yake tsira, saboda yatsa ya riga ya gama motsinsa. Akwai na'ura a cikin idonta mai rage girgizar hannu, IS aka rubuta, bar ta a kunne. Sai dai ita hannunki kawai take tsarewa, ba ruwanta da yaro mai tsalle.

Shi yaro mai tsalle sai an gaggauta ƙiftawa, aƙalla 1/60, in rawa ce ma 1/125. Wannan kuwa haske yake ci, to daga ina za ki samo shi?

Na farko, daina zum. Na ga kin tsaya nesa kina jawo su, wataƙila don kunya. Idon kyamarar nan f/2.0 ne in ba a ja shi ba, amma in kika ja shi ƙarshe sai ya tsuke zuwa f/4.9, wato hasken da ke shiga ya ragu kusan sau shida. Ƙafa Allah ya ba ki, matsa kusa. Juya ta zuwa Av, ki tsayar da ita a 2.0.

Sai ISO. A zamaninmu fim muke saye, mai 100 ko 200 ko 400, kuma in ka ɗura shi ka ɗaure kanka har hoto 36 su ƙare. Ke kuwa da yatsa kike canzawa, amma kin bar shi a 100 don wani ya ce miki mai yawa yana kawo tsaki-tsaki. Gaskiya ne yana kawowa. Kai shi 800 ba fargaba, 1600 in ta kama. Na shekara talatin ina miƙa wa mutane hotunansu, ban taɓa ganin wanda ya dawo da hoto don tsaki-tsaki ba, amma fuskar da ta narke ba mai karɓa. Ina saurayi na taɓa ɗauke fim guda cur a wani biki da hasken fitilar ƙwai, filashata ta mutu, ni kuma na ƙi faɗa. Da aka wanke, amarya ta fito da kai uku. Ango bai biya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Akwai wata dabara da ba kowa ya sani ba. Kyamara ba ta san dare ba, duk abin da ta gani so take ta mayar da shi tsaka-tsaki, shi ya sa take daɗewa tana tara haske har sama ta yi toka-toka. Nemo alamar +/- ki sauke ta zuwa -1. Lokacin ƙiftawa zai ragu da rabi, 1/15 ya koma 1/30, duhun kuma ya fito baƙi yadda idonki ya gan shi.

Abin da ya fi duk waɗannan arha shi ne fitilar kanta. Yaron da ke taku huɗu daga fitila, in ya dawo taku biyu, hasken da ke fuskarsa ya ninka sau huɗu, ba sau biyu ba. Wato 1/15 ya zama 1/60 ba ki taɓa komai ba. 'Yan tashe ba sa rasa tsayawa gaban mai shayi ko mai tsire, inda ake da wuta da kuɗi. Riga su zuwa can, ki tsaya fitila tana gefenki tana dukan fuskokinsu. In kyamara ta kasa kama su tana ta lalube, nufa gefen hula ko bakin riga, inda fari ya haɗu da baƙi, danna maɓallin rabi har ta yi ƙara, ki riƙe a haka.

Daga nan sai jira. Kowace rawa tana da inda take tsayawa: lokacin da sanda ta kai ƙarshen ɗagawa, ko lokacin da aka miƙa musu kuɗi duk suka zuba ido wuri guda. Kalli wasan sau ɗaya ba tare da kin ɗauka ba, a zagaye na biyu kin san inda zai tsaya.

Tashe bai ƙare ba tukuna, kina da sauran darare. Turo mini biyar kawai, waɗanda kika zaɓa da kanki, kada ki goge bayanan da ke jikinsu don in ga lambobin. In kin zo Sallah kuma ki taho da kyamarar. Hajiya ba ta yarda a haska mata filasha, ta ce tana sa mata jiri, kuma har yau ba mu da hotonta a kan dardumarta bayan magariba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.