Gadon tausar Baba

Kwana biyu kun ji ni shiru. Baba ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, yanzu ni ke riƙe da rumfarmu ta albasa a Mile 12.

Da aka sallamo shi, mai yi masa tausa ya ce katifar ƙasa ba za ta yi ba, don ɗaga Baba daga ƙasa sai mutum biyu. Baba ya ce a kira kafinta ya buga benci. To amma ciki da falo gare mu a Ketu, benci kuwa ba ya naɗewa.

Na tafi Idumota na samu guda biyu. Na alminiyom ba nauyi, sai dai siriri ne, kuma da na hau na juya sai ya yi girgiɗi. Ɗayan na katako ne, tokumbo, ya fi faɗi, ana iya rage tsayin ƙafafunsa. Mai shagon ya dage da nuna min ramin da ake sa fuska, alhali Baba rigingine yake kwanciya. Ni faɗin nake dubawa, kada hannun da ya shanye ya riƙa zamewa. Na ɗauki na katakon, aka rage min kuɗi saboda fatarsa ta yage a gefe. A danfo kujera biyu na biya masa.

Baba na ganinsa ya ce, "Kai, makara ka sayo min?" Kwana biyu ya ƙi hawa. Sai da Inna ta shimfiɗa masa zanen gadonta mai furanni, sannan ya ce in kama shi.