Jan zoɓo da ƙwayar hawan jini

Idan ka taɓa bi ta Sharada ko Bompai da rani, wataƙila ka ga ana sauke buhunan zoɓo a ɗakunan ajiya, inda mata ke tsince shi kafin a tura shi Meziko. Da yawansa daga Jigawa yake fitowa, ta kasuwar Maigatari. Kakata ce ta koya mini bambanta shi: akwai ja mai duhu da ke rina ruwa nan take, akwai ja mai haske wanda ya fi tsami, sai fari da aka fi sawa a miya. Ni mai duhun na fi so.

A kan mai duhun nan ne muka yi doguwar magana da wani dattijo mai aiki a masana'antar jima ta Challawa. Wata biyu bai zo karɓar maganinsa ba. Ya ce an gaya masa zoɓo ya wadatar, safe da yamma yake sha. Da aka auna shi, jininsa ya hau fiye da da.

Ba ƙarya aka yi masa gaba ɗaya ba. Zoɓo yana sauke hawan jini, amma kaɗan, kuma ƙarfin kofin yau ba na gobe ba ne, balle wanda aka cika wa sukari a bakin ƙofar masana'anta. Idan kana shansa kullum tare da magani, ka faɗa mana, domin haɗuwarsu tana iya kawo jiri. Na ce masa, "Baba, ka sha zoɓonka, amma ƙwayar nan kada ta tsallake rana." Ya karɓi ta wata guda.