Wasiƙa Daga Ketu: Yaya, Ka Je A Duba Ka

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da iyali. Na ji saƙon Inna cewa na mai da Legas gida. Ka ba ta haƙuri. Ba daɗi ne ya riƙe ni ba. Kwandunan tumatir da muke saukewa a kasuwar Mile 12 kafin asuba, su ne kuɗin taki da na makarantar yara.

Abin da na kasa sabawa da shi har yau shi ne bakin mutanen nan. Ba su da sirrin ciki ko kaɗan. A cikin danfo mutum zai ɗaga waya yana faɗin kalar bayan gidansa, fasinja na ji, kwandasta na ji. Wata mai shago kusa da rumfarmu, dattijuwa sa'ar Inna, ta tara mu tana labarin yadda likita ya zura mata kyamara ta dubura, surukinta na tsaye a wurin, har yana ƙara bayani! Wallahi kasa ɗaga kai na yi. Yaran da suka tashi suna jin wannan, wa za su ji wa nauyi? Kada Allah ya nuna mana ranar da namu za su koya.

Sai dai, Yaya, maganarta ta hana ni barci. Kansar babban hanji ce ta kashe mahaifinta, shi ya sa ta je. Na tuna Baba. Yana ganin jini, yana cewa basir ne, yana shan jiƙo, yana ramewa, bai faɗa wa ko Inna ba. Da muka kai shi asibiti yana da shekara 52, ka ji abin da aka ce mana.

Na je asibitin koyarwa na Ikeja. Likita ya ce wanda uwa, uba ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon nan, haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran mutane. Ana fara duba shi yana ɗan 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa, a maimaita bayan shekara 5. Ciwon kan fara da ɗan tsiro a bangon hanji, ya yi shekaru ba zafi kafin ya rikiɗe. Na sha maganin wanke ciki, na kwana ina zarya da buta, da safe aka yi mini allurar barci. Sun sami tsiro ɗaya kamar ƙwayar wake, suka cire nan take.

Ban ce halinsu ya fi namu ba. Amma wannan ɗaya, dole in sallama musu. Kunya ado ce a gaban surukai, a gaban likita kuwa cuta take ɓoyewa. Ajali na Allah ne, neman magani kuma bai taɓa rage tawakkali ba.

Kana da 45, ka riga ka wuce lokaci. Na turo kuɗi. Ka je Asibitin Malam Aminu Kano, ka ce mahaifinka ya yi kansar hanji, kana son kolonoskopi, wato duban hanji da kyamara. Ka sa matarka ta sanar da ƙannenmu mata, su ma jininsa ne.

In mota za ta taso, Inna ta sako mini kuka da daddawa. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka,
daga Ketu, Legas